Yadda Ake Auna Ire-iren Hezalnot Kafin A Yanke Musu Farashi

Wanda bai saba da hezalnot ba, wato ɗan itace mai taurin ɓawo da ake sa ƙwayarsa a cakulan, idan aka zube masa iri biyu a kan tebur, hannunsa kan manyan zai fara sauka. Ire-iren da ake kira Barcelona da Ennis suna cika ido, ɓawonsu na sheƙi, ga nauyi a tafin hannu. Tombul ta Turkiyya kuwa ƙarama ce, nauyinta da kyar ya kai rabin na Barcelona. Amma a wajen masu yin cakulan ƙaramar ce mai daraja, kuma suna da hujja. Ɓawonta siriri ne, ƙwayarta kewayayyiya, fatar jikinta tana sauka da zarar an gasa, ga mai da ƙamshi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Duk aikin kwatanta ire-iren nan shi ne ka daina bin ido, ka koma ga sikeli, ma'aunin kauri, wuƙa da wuta, sannan ka juya abin da ka samu zuwa kuɗi.

Mataki na farko: ka san wa za a sayar wa

Kasuwar hezalnot biyu ce, kuma abin da ɗaya ke so ɗayar ba ta damu da shi ba. Akwai kasuwar da ake sayar da ita da ɓawonta, mai saye ya fasa da kansa. Nan girma ne sarki. Ana son babba mai kyan launi, marar tabo, kuma Barcelona, Ennis da Jefferson na jihar Oregon a Amurka sun yi suna a nan, inda Sin ta daɗe tana cikin manyan masu sayensu. A Ingila ma akwai Kentish Cob, wadda ake sayarwa ɗanya cikin korenta, wato rigar da ke lulluɓe da ɓawon, a ƙarshen bazara, ko da yake kasuwarta ƙarama ce kuma ba ta jimawa a ajiye.

Kasuwa ta biyu ita ce ta ƙwaya zalla, kuma can mafi yawan amfanin duniya ke tafiya: cakulan, biskit, askirim, da niƙaƙƙen da ake shafawa a burodi. Kamfanin Ferrero na Italiya, mai yin Nutella, shi kaɗai yana sayen wajen kashi ɗaya cikin huɗu na abin da duniya ke nomawa. Mai saye irin wannan bai taɓa biyan kuɗin ɓawo da son ransa ba. Saboda haka kafin ka ɗauki sikeli, ka rubuta a saman takardarka kasuwar da kake yi wa awo. In ba haka ba za ka yaba wa iri a kan abin da mai sayenka ba zai ƙara maka ko sisi ba a kansa.

Mataki na biyu: ɗebo samfur na gaskiya

Kada ka yarda da abin da ke bakin buhu. Ka ɗebo daga sama, tsakiya da ƙasa, daga buhuna da dama, ka cakuɗa, sannan ka ware rabin kilo ko ƙwara 100 na kowane iri. Ire-iren da za ka gwada su kasance na kaka ɗaya, kuma bushewarsu ta zo ɗaya. Danshi yana ƙara nauyi, kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta ruɗin sikeli. A cinikin ƙasa da ƙasa ana son danshin ƙwaya kada ya wuce kashi 6 cikin 100. Idan ba ka da na'urar awon danshi, ka shanya dukkan samfurorin wuri ɗaya na wasu kwanaki kafin ka fara. Wadda ta bushe sosai, in ka girgiza ta kusa da kunne za ka ji ƙwayar na motsi a ciki.

Mataki na uku: siffa da girma

Manoman Turkiyya sun kasa nasu gida uku bisa siffa. Akwai kewayayyu, irin su Tombul, Palaz, Foşa, Mincane da Çakıldak. Akwai masu tsinin baki, irin su Sivri da İncekara. Sai dogaye masu siffar almon da suke kira Badem. Kewayayyun su ne na masana'anta, dogayen kuwa an fi cinsu a gida ko a sayar da ɓawonsu.

Dalilin yana cikin injin fasawa. Injin yana matse kowace ƙwara tsakanin duwatsu ko ƙarafa biyu da aka saita tazararsu. Kewayayyiya ta kowane ɓangare ta faɗa kaurinta kusan ɗaya ne, sai ɓawon ya tsage ƙwayar ta fito lafiya. Doguwa kuwa idan ta shiga a karkace sai ta karye ko gefenta ya kankare, kuma karyayyiyar ƙwaya farashinta ya faɗi nan take. Wajen gashi ma kewayayyiya ta fi nuna daidai, kuma ita kaɗai ce ke zama tsaf a tsakiyar dunƙulen cakulan.

Ana iya mayar da wannan lamba. Ka auna tsawo, faɗi da kauri na kowace ƙwara da ma'aunin kauri, ka haɗa faɗi da kauri, ka raba da ninkin tsawo biyu. Mai tsawon milimita 18, faɗi 17, kauri 16, za ta ba ka 0.92. Mai tsawon 22, faɗi 15, kauri 13, za ta ba ka 0.64. Gwargwadon kusantar lambar da 1, gwargwadon kewayarta. Ka yi wa ƙwara 20 ko 30 na kowane iri ka ɗauki matsakaici.

Bayan fasawa kuma ana tace ƙwaya da rariya mai ramuka, ana sayar da ita aji-aji: milimita 9 zuwa 11, 11 zuwa 13, da 13 zuwa 15. Aji biyu na ƙarshe su ne gangar jikin cinikin. Abin da nake so ka lura da shi a nan bai tsaya ga matsakaicin girma ba. Ka duba kashi nawa ne na samfurin ya faɗa aji ɗaya. Irin da kashi 80 nasa ke taruwa wuri ɗaya ya fi wanda ya warwatsu aji uku sauƙin sayarwa, domin a tanda ƙananan za su ƙone kafin manyan su nuna.

Mataki na huɗu: kason ƙwaya, inda kuɗin yake

In za ka yi awo ɗaya tak, wannan za ka yi. Ka auna samfurin da ɓawonsa, ka fasa duka a hankali, ka ware lafiyayyun ƙwayoyi, ka auna su, ka raba nauyinsu da nauyin farko. Kada ka zubar da waɗanda ka tarar fanko ne kafin awon farko, domin su ma an biya kuɗinsu.

Bambancin da ke tsakanin ire-ire a nan babba ne. Tombul takan ba da kashi 50 ko sama da haka. Tonda Gentile ta yankin Piemonte da Tonda di Giffoni ta kusa da Salerno, duka a Italiya, suna tsayawa wajen 46 zuwa 48. Barcelona, da duk girmanta, wajen 42 zuwa 44 take bayarwa, saboda ɓawonta mai kauri ne. Cikin sababbin ire-iren Oregon, Jefferson tana wajen 45, Yamhill wajen 49, McDonald kuwa ta haura 50. Waɗannan lambobin na shekara mai kyau ne. Fari, yawan 'ya'ya fiye da ƙarfin bishiya, ko rashin taki, duk suna rage su, shi ya sa sunan iri ba ya maye gurbin awon buhun da ke gabanka.

A Turkiyya, wadda ke noma wajen kashi biyu cikin uku na hezalnot ɗin duniya a gaɓar Bahar Aswad, a Ordu, Giresun, Samsun, Trabzon, Sakarya da Düzce, ciniki gaba ɗaya a kan wannan awo ya ginu. Suna kiransa randıman. Farashin da hukumar sayen amfanin gona ta gwamnati, TMO, ke sanarwa, da wanda 'yan kasuwa ke faɗi, na kayan da ke da kashi 50 ne. Manomi ya kawo buhunansa, a ɗebi samfur a gabansa, a fasa, a auna. A ce ana sayen kowane kilo a kan 100, don sauƙin lissafi. Wanda kayansa suka ba da 53 zai karɓi wajen 106, mai 46 kuwa 92. Lamba ɗaya a sikeli, in aka ninka ta da tan biyu ko uku, kuɗi ne mai kauri ga iyali, don haka idon manomi ba ya barin hannun mai fasawa.

Kai ma mai saye, haka za ka yi naka lissafin. An kawo maka iri mai kashi 52 a kan farashin 100 kowane kilo, da iri mai kashi 43 a kan 90. Na biyun kamar ya fi araha. Ka raba kowane farashi da kasonsa: kilon ƙwayar na farko ya tsaya maka a 192, na biyu a 209. Ga shi kuma ka biya dakon ƙarin ɓawo. Ɓawon ba asara ba ne gaba ɗaya, ana sayar da shi makamashi, amma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na ƙwaya.

Mataki na biyar: aibobi, na fili da na ɓoye

Yanzu ka baje abin da ka fasa a kan farar takarda ka ƙirga. Fanko nawa ne, yamutsattsu nawa, masu fumfuna nawa, tagwaye nawa, wato ƙwaya biyu cikin ɓawo ɗaya, kowacce da gefe ɗaya a baje. Ka duba masu baƙin tsini, wanda ke faruwa idan ɗinkin ɓawon bai rufe da kyau ba iska da danshi suka shiga. Wasu aibobin na bin iri. Barcelona an san ta da yawan fanko da wani tabo mai ruwan ƙasa da ke fitowa a ɓawo ya ɓata abin ciki. Wasu kuwa na shekara ne ko na sakacin shanya.

Daga nan ka ɗauki wuƙa ka tsaga kowace lafiyayyiyar ƙwaya biyu. Mutane da yawa suna tsallake wannan, kuma a nan ake cutuwa. Ƙwaya na iya zama sumul a waje, cikinta ya yi ruwan ƙasa ko ya ruɓe. Masu saye a Italiya suna ƙirga ruɓar fili daban, ta ɓoye daban a yarjejeniyarsu. Haka kuma akwai cizon wani ƙwaro mai wari ɗan asalin gabashin Asiya, Halyomorpha halys, wanda ke soka bakinsa ta cikin ɓawo tun yana ɗanye. Inda ya soka sai wurin ya yi fari-fari kamar soso, ɗanɗanonsa ya yi ɗaci, kuma gashi ƙara fito da ɗacin yake yi. Ƙwaron nan ya yi wa ƙasar Jojiya mummunar ɓarna a 2016 da 2017, ya kuma addabi Italiya da Turkiyya. Ƙwaya kaɗan masu cizonsa sun isa su ɓata niƙan tukunya guda.

Akwai abu ɗaya da ido da wuƙa ba sa gani, wato gubar afalatoksin da wasu nau'o'in fumfuna ke haifarwa. Wannan sai ɗakin gwaji. Tarayyar Turai ta sa iyakar mikirogiram 10 a kilo ga hezalnot ɗin da za a ci kai tsaye, kuma kayan da suka wuce haka ana mayar da su daga tashar jiragen ruwa. Duk kyan iri, idan an bar shi a jiƙe cikin buhu, wannan awon zai iya kashe cinikin.

Mataki na shida: wuta

Ka sa ƙwaya 30 zuwa 50 na kowane iri a tanda mai zafin digiri 130 zuwa 150 na ma'aunin Salshiyos, minti 15 zuwa 20, dukkansu a tire ɗaya kuma lokaci ɗaya. Ka fitar, ka bari su ɗan huce, ka murza kowane kashi cikin tsumma mai tsabta. A iri mai kyau jar fatar za ta sauka kamar ta soyayyiyar gyaɗa, ƙwayar ta fito fara tas. A wani irin kuwa fatar za ta manne, musamman a tsagin da ke jikin ƙwayar, ko ka ga wani kaushi kamar zare ya rufe ta.

Wannan gwajin shi ya ɗaga Tombul, Tonda Gentile, Tonda di Giffoni da Negret ta Sifaniya sama da sauran. Fatarsu tana sauka kusan duka. Tonda Romana ta yankin Viterbo a Italiya kewayayyiya ce kuma tana da ɗanɗano, amma fatarta ta fi taurin kai. Barcelona da Ennis suna baya. Abin da ya sa masana'anta ta damu da wannan shi ne fatar tana da ɗaci da bauri, tana kuma sa baƙin ɗigo a cikin niƙa, ga shi kowace ƙwayar da ta ƙi sauka sai an sake bi ta kanta ko a mayar da ita aji na ƙasa.

Tun da wutar ta riga ta yi aikinta, ka ɗanɗana. Ka fara da ɗanya, sannan gasasshiya, kana kurkure baki da ruwa tsakanin iri da iri. Wajen kashi 60 cikin 100 na ƙwayar hezalnot mai ne, mafi yawansa irin man da ke cikin zaitun, kuma a cikinsa ƙamshin yake. Abin da kake nema shi ne ƙamshi mai tashi, ɗan zaƙi, da ƙaras-ƙaras a haƙori. Idan ka ji warin tsohon mai ko wani yaji-yaji a maƙogwaro, kayan sun tsufa ko an ajiye su cikin zafi. Wannan laifin ajiya ne, kada ka rubuta shi a kan irin.

A nan zan faɗi ra'ayina: ana yawan raina dogayen ire-ire fiye da kima. Mortarella ta yankin Campania a Italiya doguwa ce, amma ƙamshinta bayan gashi ba ya jin kunyar na kowa. Idan niƙa za ka yi ko farfasawa ƙanana don biskit, siffa ba ta da sauran amfani da zarar ƙwayar ta shiga inji, kuma biyan kuɗin kewaya a nan asara ce.

Mataki na bakwai: suna da asali

Iri ɗaya a wuri biyu ba farashi ɗaya ba ne. A kasuwar Turkiyya ana raba kaya gida biyu, ajin Giresun da ajin Levant. Tombul ɗin da aka noma a Giresun da kewayenta ita ce ajin farko kuma ta fi tsada, sauran duka Levant ne. Tarayyar Turai ta ba wasu sunaye kariyar doka: Nocciola del Piemonte, Nocciola di Giffoni, Nocciola Romana, Avellana de Reus, da Tombul ta Giresun. Ta Piemonte ce ta fi shahara da tsada, kuma masu yin cakulan na Turin sun gina sunansu a kanta. Idan an ce maka kaya na ɗaya daga cikin waɗannan ne, ka nemi takardar shaida. Tonda Gentile da aka noma a wata ƙasa tana iya zama mai kyau ƙwarai, amma ba ta da haƙƙin sunan Piemonte, ba ta kuma cancanci kuɗinsa.

Mataki na takwas: idan shukawa za ka yi

Mai saye ya gama a mataki na bakwai. Manomi kuwa yanzu ya fara, domin shi kuɗin hekta yake ci. A ce iri na farko ya ba da kilo 2,000 a hekta da kashi 46, ana sayen ƙwayarsa 120. Na biyu ya ba da kilo 3,000 da kashi 49, ana sayensa 100. Na farko ya kawo 110,400, na biyu 147,000. Lambobin misali ne, amma abin da suke nunawa yana faruwa: Tonda Gentile, da duk darajarta, ba ta cikin masu yawan haihuwa, kuma ba ko'ina take jin daɗi ba. Tonda di Giffoni ta fi ta yalwa da saurin sabawa da baƙon wuri, shi ya sa ta bazu har Cile, inda ake girbi daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da kayan arewacin duniya suka fara tsufa.

Sannan ka duba korenta, wato rigar da ke lulluɓe da ɓawon. A ire-iren Turkiyya rigar doguwa ce, tana riƙe ƙwarar gam, sai an tsinke da hannu a kan gangaren duwatsu a watan Agusta, a shanya, a sa a injin cirewa. A ire-iren Italiya da Oregon rigar gajera ce ko a buɗe take, ƙwarar tana faɗowa ƙasa da kanta inji ya share. Wannan siffa ɗaya ta isa ta raba riba da faɗuwa a inda ƙwadago ke da tsada, kuma ita ce ta hana Tombul yaɗuwa a manyan gonakin inji duk da ingancinta.

Cuta ma tana sauya darajar iri gaba ɗaya. A kwarin Willamette na Oregon, inda kusan dukkan hezalnot ɗin Amurka ke fitowa, wata cutar rassa da fumfunar Anisogramma anomala ke haddasawa ta kassara gonakin Ennis da Barcelona. Shirin kyautata iri na Jami'ar Jihar Oregon, ƙarƙashin Shawn Mehlenbacher, ya fitar da masu jure mata ta hanyar gadon wani tsohon iri mai suna Gasaway: Yamhill a 2008, Jefferson a 2009, Wepster a 2013, McDonald a 2014. Yau wanda zai kafa sabuwar gona a can da wuya ya waiwayi tsofaffin.

Sanyi yana da fuska biyu. Bishiyar tana buƙatar hunturu mai sanyi na gaske kafin ta yi fure ta haihu, amma ƙanƙarar da ta sauka bayan ta fara toho tana ƙone amfanin shekara. A ƙarshen Maris na 2014 irin wannan ƙanƙarar ta faɗa wa gonakin Bahar Aswad, farashin duniya ya yi tashin gwauron zabo. Saboda haka manoman tuddan Ordu ke riƙe da Çakıldak. Ba ta kai Tombul daraja a sikelin mai saye ba, amma tana jinkirin toho, sai ta tsallake sanyin da ke kama masu gaggawa.

Kuma kada ka tsara gona da iri ɗaya. Hezalnot ba ta ɗaukar ƙurar furen kanta. Iska ce ke kai ƙurar daga bishiya zuwa bishiya a tsakiyar hunturu, kuma ba kowane iri ke karɓar na kowane ba. Dole ka sa wasu bishiyoyi na iri biyu ko uku da suka dace da babban irinka, waɗanda lokacin sakin ƙurarsu ya zo daidai da buɗewar furensa. Ka zaɓi waɗanda 'ya'yansu suka yi kama da na babban irin a siffa da girma, ko kuma suka bambanta sosai yadda rariya za ta raba su cikin sauƙi, domin a ranar girbi duka buhu ɗaya za su shiga, kuma mai saye yana rage kuɗin gaurayayyun kaya.